Safiyar da Baba Ya Raba Yatsun Gida

Yanzu idan zaɓe ya matso ba sai an faɗa mini ba. Motar lasifika ce za ta tashe ni daga barcin hantsi, ta zo ta tsaya daidai ƙofata kamar ni kaɗai ne mai ƙuri'a a Yendi, tana kiɗan da ko kalma ɗaya ba na tsinta a ciki. Jikokina kuwa kowa kansa a sunkuye kan waya, wannan ya ce an ci a Karaga, wancan ya ce ƙarya ne ba a gama ƙirga ba, su yi ta musu a kan garin da babu wanda ya taɓa kwana a cikinsa. Wani lokaci sukan juyo su ce, "Kaka, kai me ya sa kake bin fatin nan tun da?" Sai in ce musu tsufa ya sa na manta. Ban manta ba. Amsar ce ba ta faɗuwa, kuma ni kaina idan na juya ta a raina sai in rasa inda kanta yake. Abin da na sani shi ne saboda fatin nan, jam'iyyar da nake bi, na rasa ƙanena yana raye, na yi shekaru ina neman hanyar da zan dawo da shi kafin ɗayanmu ya kwanta dama.

A Salaga aka haife ni, a zango, unguwar Hausawa baƙi, cikin gidan da kakanmu ya gina lokacin da goro ke da daraja. Kafin in yi wayo goron ya canza hanya, ya bar mana manyan ɗakunan ajiya da ƙamshinsa bai gama fita daga bangonsu ba. Baba ya koma doya da dawa, wani lokaci ya haɗa da tumaki. Abin da na fi tunawa da safiyar gidanmu shi ne ƙara: guga yana dukan bakin rijiya, turmi biyu suna amsa wa juna, karatun yara daga makarantar bayan gida, sannan lorin da zai gangara bakin ruwa yana tari kafin ya yarda ya tashi. Ni da ƙanena Inusa aikinmu jera doya ne a cikin lorin, muna sa ciyawa tsakani don kada ta ƙuje. Ni ina jerawa a hankali, shi yana jerawa yana surutu, kuma abin haushin shi ne nasa jerin ya fi nawa kyau. Tabarma ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke ci, idan aka doki ɗaya ɗayan ne ke fara kuka. Har muka yi aure mutanen zango ba su daina kiranmu da suna ɗaya ba, duk wanda ya fi kusa shi ke amsawa.

Siyasa a lokacin da goro take zuwa. Mai neman kujera zai sauka gidan sarkin zango, ya cire takalmi, ya ajiye goronsa, dattawa su saurare shi da idanu a rufe kamar masu gyangyaɗi. Bayan ya tafi su yi shawara, ranar Juma'a da an sauko magana ta bi gida-gida, shi ke nan zango ya san inda zai dangwala. Ba ma kiran fati da sunanta, sai dai a ce ɓangaren su wane, a ambaci attajiri ko malamin da ya fara saukar da baƙinta. Ƙauyukan da muke sayen doya nasu ya fi namu sauƙi, inda sarkin gari ya juya nan kowa zai juya. Akwai ƙauyuka biyu da rafi ya raba, suna rigimar gona tun kafin a haifi Baba. Ɗaya yakan jira ya ji inda ɗayan ya nufa, sai shi ya nufi wancan gefen. Na taɓa tambayar wani tsoho a can me fatinsu ta yi musu alkawari. Ya ce bai sani ba, amma dai ba ita ce ta mutanen ƙetaren rafi ba, kuma wannan ya ishe shi. Na yi masa dariya a ranar, ina ganin ni ɗan birni ne.

To, akwai zaɓen da zangonmu ya taru a gefe ɗaya, gefen kuma ya faɗi. Ba a daɗe ba sai umarni ya fito cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar. Mu Allah ya tsare mu, don Baba a nan aka haife shi kuma yana da masu shaida. Amma maƙwabtanmu da yawa sun tafi. Na ga mutumin da bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba yana ɗaure tabarmarsa zai koma can, yana tambayar direba ko akwai doya a wajen. Mata suna raba turame da tukwane ga waɗanda za su zauna, ana ta neman gafara a bakin lori. Layinmu ya yi shiru, awakin da aka bari suna yawo cikin ɗakunan da babu ƙofa. Ko ƙuri'ar ce ta jawo wannan, ko ba ita ba, Allah masani, kuma na ji masu ilimi suna cewa abin ya fi haka faɗi. Baba dai ya riƙe a ransa cewa ita ce, kuma mutum ne da idan ya riƙe abu ba ya saki.

Sojoji suka zo, aka ajiye akwatin zaɓe na wasu shekaru, sannan aka ce za a sake. Wata safiya muna zaure muna shan koko da ƙosai, mu mazan gidan duka, da 'ya'yansa da 'ya'yan ƙannensa, Baba ya ajiye ludayinsa ya dube mu.

"Kun sha ƙetare ruwa a kwalekwale," in ji shi. "Idan kowa ya koma gefe ɗaya kun san abin da ke faruwa. Gidan nan ba zai ƙara zama gefe ɗaya ba. Ku da ke hannun damana, ku bi ɓangaren su Alhajin kasuwa. Ku da ke haguna, ku bi ɗayan. Ku je taronsu, ku sa hularsu, a gan ku. Duk wanda nasa ya ci, shi zai rufa wa ɗan'uwansa asiri."

Ni ina dama. Inusa yana hagu, bakinsa cike da ƙosai. Ya haɗiye ya ce, "Baba, idan ba na son su fa?"

"Ka san su ne da za ka ƙi su?"

Aka yi dariya, har da shi. Daga nan Baba ya shiga cikin gida ya raba matan: ɗakunan gabas su bi dama, na yamma su bi hagu. Mahaifiyarmu tana tankaɗe ta ce ita yatsanta na tuwo ne, duk inda aka ce ta shafa shi za ta shafa, in dai za a ba ta sabulu ta wanke. Kafin kokon ya huce an gama siyasar gidanmu. Ban ga wani ya ɓata rai ba, kuma ban ji a jikina cewa wani abu babba ya faru ba.

Da farko ma daɗi abin ya yi. Ni in tafi taronmu, Inusa ya tafi nasu, da yamma mu haɗu a kwano ɗaya kowa ya zazzage abin da ya ji. Yakan kwaikwayi mai jawabinsu, ni in kwaikwayi namu, sai mu ga ashe alkawarin ɗaya ne: hanya, ruwa, asibiti. Idan rana ta yi zafi kuma hulata ta ɓata, tasa nake sawa in juya ta ciki waje. Wasu gidajen zango da suka gane dabarar sai suka bi sahu, har aka wayi gari akwatin zango ya zama wanda babu mai iya cewa ga inda zai faɗa. Masu neman kujera suka riƙa kawo goro sau biyu. Baba yana zaune a zaure yana karɓar gaisuwar kowane ɓangare da fuska ɗaya, shi kuwa ko mu ba mu san inda yake dangwala nasa ba. Sai sojoji suka sake dawowa, wannan karon suka daɗe, kuma a cikin shekarun nan Baba ya rasu. Ya yi mana wasiyya a kan gida da gona da auren ƙannenmu mata, amma bai tuna ya kwance abin da ya ɗaura a zaure ba, mu ma ba mu tuna mun tambaye shi ba.

Bayan rasuwarsa kasuwar hatsi ta ja mu zuwa Yendi, ni da Inusa, muka sami rumfuna biyu a layi ɗaya. Yendi ba Salaga ba ce. A nan siyasa tana tafiya da gidajen sarauta biyu na garin, kuma malaman da suka sauke mu sun ja mana kunne tun ranar farko cewa baƙo ya gaida kowa ya riƙe bakinsa. Mun riƙe. Amma da aka dawo da zaɓe, sai fatoci suka fito da sababbin sunaye, kowa kuma ya san wacce ce 'yar wacce. Ba mu zauna mun yi shawara ba. Ni na nufi 'yar tawa, shi ya nufi 'yar tasa, kamar yadda mutum ke komawa wurin da ya saba tsayawa a sahu. Abin da ba mu lura ba shi ne a Yendi idan ka sa hula, an riga an ajiye ka a ɗaya daga cikin gidajen nan biyu, ko ka sani ko ba ka sani ba. Mai sayen dawa ya fara duba hular kafin ya duba dawar. Ni dai yatsa kawai nake ba su. Inusa kuwa Allah ya ba shi baki, aka gano haka, aka fara ɗora shi kan benci a kasuwa. Yana magana mutane suna tafi, yana dawowa idanunsa suna ƙyalli. Wata rana a kan tuwo ya ce mini mutanenku sun cuci talaka, na jira ya yi dariya, bai yi ba.

Sai namu suka ci. Ba a jima ba aka ce za a gyara kasuwa a sake raba rumfuna, da aka gama gyaran kuma rumfar Inusa ta zama ta wani. Ya zo gidana da hantsi, ya zauna a bakin tabarma bai cire hula ba.

"Yaya," ya ce, "ranar da Baba ya raba mu dominta ta zo."

Na ce masa ya kwantar da hankali, wannan ƙaramin abu ne. Har ga Allah haka na ɗauka. Na sa babbar riga na tafi wurin ciyaman ɗinmu na unguwa, mutumin da ya sha cin tuwo a gidana. Ya karɓe ni da fara'a, har na faɗi abin da ya kawo ni.

"Alhaji, ƙanen nan naka ba shi ne ya hau benci yana kiranmu ɓarayi ba?"

"Shi ne. Amma ba har zuci ba ne. Mahaifinmu ne ya raba mu." Na kwashe labarin zaure na faɗa masa, da dama da hagu da ɗakunan mata, ina murmushi, ina jiran ya ce kai, tsofaffin da akwai hikima.

Ya dube ni. Sannan ya ce, "To ashe kai ma ba namu ba ne."

Idan na ce ni nasu ne har zuci, to Inusa ma na can ne har zuci, babu dalilin a taimake shi. Idan na ce duk rabo ne, to ni wane ne da zan roƙi alfarma? Na yi ta juya maganar a bakina har ya duba agogo. Na koma wurin wasu biyu da suka fi shi, ban ƙara ba da labarin zaure ba, amsar dai ɗaya ce. Da na dawo na faɗa wa Inusa duk yadda aka yi, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ka yi ƙoƙari," da irin muryar da ake faɗa wa baƙo. Ya sa takalmansa. Kafin damina ta faɗi ya kwashe iyalinsa zuwa Bawku, wurin dangin matarsa.

Na yi zaton fushin wata biyu ne. Amma Bawku gari ne da unguwar da kake kwana take faɗin inda kake dangwalawa, har hanyar da za ka bi zuwa kasuwa tana da ma'ana. Inusa ya sauka a unguwar da ke bin ɓangarensa, ya kama albasa da shanu, Allah ya buɗa masa, bakinsa kuma ya ƙara kaifi. Ya zama dattijon fati, wanda ake zuwa gaisarwa kafin a hau dandamali. 'Ya'yansa suka tashi a ciki, nawa ma suka tashi a cikin tawa, su da ba su taɓa ganin zauren Salaga ba. Muna haɗuwa a jana'iza da suna, mu gaisa kamar surukai, ya tambayi iyali in tambayi iyali. Sau da yawa na shirya maganar a hanya, in ce Inusa, mu fa koko muke sha aka raba mu. Da na ga yaran fati kewaye da shi sai maganar ta koma ciki. Akwai lokacin da nasu suka ci, namu suka faɗi, na ce ko yanzu zai zo ya rufa mini asiri ya nuna mini yadda ake yi. Babu abin da ya same ni da zai rufa, shi ma bai zo ba.

Sannan babban ɗansa Mumuni ya rasu. Yaro ne mai kama da ubansa har a surutu, shi ke tara matasa idan za a je taro. Lorin da ya kwashe su ya kife a hanyar Binduri, wasu suka tashi, shi bai tashi ba. Na je gaisuwa na tarar da gidan cike da tutoci, manyan fati suna ta shigowa suna cewa yaron ya mutu a kan gaskiya. Na zauna a waje cikin jama'a. Da layi ya zo kaina Inusa ya karɓi hannuna kamar yadda ya karɓi na kowa, ya ce na gode. A mota ina dawowa na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne Baba, kuma ban san wa nake yi wa ba, yaron ko uban ko ni.

Shekarun baya-bayan nan abin ya ƙara rikice mini. Ƙauyukan da na sani namu ne tun fil azal sai in ji sun juya, wai an yi musu alkawarin hanya ba a yi ba. Sarkin gari ya nuna gabas, matasa su nufi yamma, kuma a gaishe shi da safe kamar ba a yi komai ba. Jikata ta ce mini ita shugaban ƙasa daga wannan fatin take zaɓa, ɗan majalisa daga waccan, ta ce haka ƙawayenta da yawa suke yi. Na dube ta na ce to abin da mahaifina ya yi da 'ya'ya biyu ke kina yi da yatsa ɗaya, ba ta gane ba, ni ma ban yi bayani ba. Idan juyawa tana da sauƙi haka, me ya tsare mu ni da Inusa? Idan kuma ba ta da sauƙi, su waɗannan yaran me suke riƙe da shi? Nakan zauna bayan la'asar in yi ta wannan tunani har a kira magariba ban kai ko'ina ba.

Ana cikin haka Awudu, ɗan Inusa na biyu, ya kira ni a waya ya ce jikin babansa ya yi nauyi, an dawo da shi gida daga asibiti. Washegari na hau mota. Hanyar doguwa ce ga mai shekaruna, kuma duk garin da muka ratsa hotunan 'yan takara ne a bango da jikin itace, wasu an liƙa su a kan wasu. Na ƙudura a raina cewa wannan karon sai na faɗa, ko gidan cike yake da tutoci. Ina so ya ce da bakinsa ya tuna, a kira yaran duka, nasa da nawa, a faɗa musu cewa babu gaba a tsakaninmu, tsari ne na tsoho mai tsoron a kore shi. Ina so in koma ina da ƙane.

Na isa bayan azahar. Awudu ya tare ni a ƙofa, ya karɓi jakata da ladabi, da Hausarsu ta Bawku da ba ta damu da mace ko namiji ba.

"Baba Yendi, sannu da hanya. Mota ya wahalar da kai? Shiga, yana farke. Amma don Allah ban da maganar fati, dokta ya ce jininsa yana hawa."

Ya raka ni ɗakin ya fita kawo ruwa. Inusa yana kwance an rufa masa mayafi, ya rame har na ga fuskar Baba a tasa. Na zauna a bakin gadon. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi jiki. Sai na ji idan na bari gaisuwar ta ƙare kamar kullum, shi ke nan.

"Inusa, ka tuna safiyar da Baba ya raba mu?"

Ya rufe ido. Na ɗauka zai ce bai san zancen ba.

"Ni ne a dama," in ji shi a hankali. "Baba ya ce a ɗauko masa buta. Na tashi na ɗauko, na dawo na tarar ka matsa wurina don rana ta fi bugun wurinka. Sai na zauna a naka."

Ban tuna da wannan ba ko kaɗan. Na yi ta lalube a kaina ban samu ba, amma na san ba ƙarya yake yi ba. Na ce, "Ashe ka tuna. Duk shekarun nan ka tuna."

"Kullum."

"To mu kira yaran. A faɗa musu. Ni na gaji, Inusa."

Ya zaro hannunsa daga mayafin ya kama nawa, ya ja shi ciki. Hannun babu nauyi, amma riƙon na nan.

"Yaya, uwar Mumuni tana ɗakin can. Tun ranar da aka kawo shi, abu ɗaya take riƙe da shi, cewa ɗanta ya mutu a kan gaskiya. Awudu ma da shi yake tashi da safe. In kira su in ce musu me? In ce a kan buta ya mutu?"



"Na yi fushi da kai a kan rumfa," ya ce. "Wannan ya wuce tun tuni, na san ka je, na san abin da suka ce maka. Na so in dawo. Sai yaron ya tafi, hanyar ta rufe. Ka bar su da abin da suke da shi. Ko bayan raina kada ka faɗa. Ka yi mini wannan, shi ne rufin asirin."

Na ce to. Ban san ko daidai ne ba, har yau ban sani ba, amma na ce to.

Muka ji takun Awudu a tsakar gida, kofuna suna ƙara a kan faranti. Inusa ya gyara kwanciya, ya tattaro sauran muryar da ta rage masa, irin ta kan benci, ya ɗaga ta daidai lokacin da labule ya motsa.

"Ku da kuka yi shekaru a kan mulki, ko kwalbati ɗaya kun gina? Ka zo har gidana kana kare ɓarayi?"

Awudu ya tsaya da farantin a hannu. "Baba, dokta ya ce..."

"Bar ni da shi. Ya amsa mini."

Yana kallona, yana jira. Na share maƙogwaro na ce ai gara mu, ku da kuka karɓa me kuka yi ban da hotuna a bango. Ya ce ƙarya ne. Na ce hanyar da na biyo yau shaida ce, saura kaɗan haƙorana su zube. Awudu ya ajiye ruwan yana girgiza kai, yana murmushi, ya leƙa waje ya ce wa uwarsa jikin Baba da sauƙi, tunda har ya samu ƙarfin faɗa da Baba Yendi. Muka ci gaba, shi ya zagi nawa ni in zagi nasa, hannuna yana cikin nasa a ƙarƙashin mayafi, duk lokacin da na faɗi mai zafi sai ya matsa shi. Muna haka har aka kira la'asar. Wannan ce hirarmu ta ƙarshe.